Ta yaya zan samu tikitin jirgi mai araha a intanet ba tare da an cuce ni ba?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma tun da na fara fita waje sarin kaya ejan ne yake yankar mini tikiti. Bana ina so in je Guangzhou ta ƙasar Sin, bayan na dawo kuma in kai mahaifiyata Umara idan Allah ya yarda. Yaran shago suna ce mini idan na saya da kaina a intanet zai fi araha, musamman a daren Talata, kuma wai sai na ɓoye kaina a burauza don kada kamfanin jirgi ya gane ina nema ya ƙara kuɗi. Shin gaskiya ne, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka a kasuwa, ya kuma nufi Hajiya da ganin Ɗakinsa lafiya. Yaran shago sun yi gaskiya a abu ɗaya, wato wanda ya bincika da kansa a intanet yakan ga farashin da ba zai taɓa ji ba idan ya tsaya ga abin da mutum ɗaya ya gaya masa. Amma maganar daren Talata da ta ɓoye kai a burauza ba su da ƙarfin da za ka ɗora tafiyar miliyoyin naira a kansu. Abin da ke sa tikiti ya yi araha ko tsada yana cikin yadda kamfanonin jiragen suke kasa kujerunsu, kuma wanda ya fahimci wannan zai iya auna kowace dabara da aka kawo masa ya gane ko ta gaske ce ko hirar majalisa ce.

Idan ka zauna a sashen ikonomi, kujerun duk iri ɗaya ne, abincin ma ɗaya, amma da za ka tambayi na kusa da kai nawa kowa ya biya, za ka ji kuɗin ya bambanta ƙwarai. Dalili shi ne kamfanin ya raba wannan sashe gida-gida a cikin kwamfutarsa, kowane gida da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa. Harafin Y bisa al'ada shi ne cikakken farashin ikonomi, wanda ya fi tsada kuma ya fi sassauci wajen canjin rana da mayar da kuɗi. A ƙarƙashinsa akwai wasu haruffa da dama da suke sauka har zuwa mafi araha, wanda aka ɗaure da sharuɗɗa masu tsauri. Kamfanin yakan ware kujeru kaɗan a gidajen ƙasa, idan sun ƙare, ko kuma idan kwamfuta ta hango cewa jirgin zai cika ko da ba a yi rangwame ba, sai ta rufe su ta bar na sama. Wannan tsari ya bunƙasa ne a Amurka bayan 1978, shekarar da gwamnatin ƙasar ta cire hannunta daga ƙayyade kuɗin jirgi, daga nan ya watsu har ya zama da shi manyan kamfanonin duniya suke aiki.

Kujerar jirgi haja ce mai lalacewa, kamar kwandon tumatir a kasuwar 'Yankaba, domin da zarar jirgi ya tashi babu kowa a kanta, kuɗinta ya tafi ke nan. Wannan ne yake sa mutane su yi zaton idan suka jira har ranar tafiya ta matso kamfanin zai karya farashi. Akasin haka aka fi gani, saboda kamfanin ya san irin mutanen da suke sayen tikiti saura kwana biyu ko uku: mai kai mara lafiya asibiti a Alƙahira, ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale, ma'aikacin da ofis ne zai biya masa. Waɗannan ba sa taya farashi, kuma saboda su ake ajiye kujerun ƙarshe a gidajen sama. Ga tafiya mai nisa irin ta Guangzhou, ka fara leƙa farashi tun saura wata uku ko huɗu domin idonka ya saba da shi, kuma kada ka bari ya rage ƙasa da makonni uku ba ka saya ba. A lokutan cunkoso kuwa sai ka ƙara gaggawa fiye da haka.

Daga nan za ka ga inda maganar ɓoye kai ta samo asali. Mutum ya duba da safe ya ga farashi, ya dawo da yamma ya tarar ya hau, sai ya ɗauka an gane shi ne. Abin da ya fi faruwa shi ne kujerar ƙarshe ta gidan mai araha wani ya saye ta a Legas ko a Addis Ababa, ko wani ejan ya riƙe ta na ɗan lokaci, ko kuma farashin da shafin ya nuna da safe tsoho ne da ya adana, da aka zo biya sai na gaskiya ya fito. Buɗe burauza a ɓoye ba ya cutar da kai, amma ba ya dawo da kujerar da aka sayar. Batun Talata kuma an cakuɗa abu biyu ne. Ranar da ka sayi tikiti ba ta da wani tasirin da za a dogara da shi, domin kwamfutocin suna sauya farashi dare da rana. Ranar da za ka tashi ita ce take da tasiri, kuma sau da yawa tsakiyar mako ya fi ƙarshen mako sauƙi saboda ƙarancin matafiya.

Akwai kuma abin da ya shafi kasuwarmu ta Najeriya kaɗai, wanda ya kamata ɗan kasuwa ya sani. A 2022 da 2023 kamfanonin jiragen waje sun kasa fitar da kuɗin tikitin da suka sayar da naira saboda ƙarancin dala, har ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kuɗin da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800 a tsakiyar 2023, fiye da na kowace ƙasa. Martanin kamfanonin shi ne suka rufe gidajen farashi masu araha ga masu saye daga Najeriya, Emirates kuma ya dakatar da zuwa gaba ɗaya a ƙarshen 2022, bai dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoba 2024. A wancan lokacin duk ƙwarewar mutum a bincike ba za ta fito masa da araha ba, domin an cire ta daga kasuwa. A 2024 da aka biya mafi yawan kuɗin sai gidajen ƙasa suka dawo. Har yanzu dai farashin tafiyar waje da dala ake lissafa shi sannan a juya zuwa naira, saboda haka idan ka ga tikiti ya hau cikin mako guda, ka duba canji kafin ka zargi shafin.

Lokacin tafiya ya fi kowace dabara tasiri, kuma tafiye-tafiyenka biyu kowace tana da nata lokacin tsada. Baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou sau biyu ne a shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, sannan daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kuma a waɗannan makonni tikiti da otal duk suna hawa. Idan kasuwannin sari da masana'antun da ka saba da su kake nufa, ba baje kolin ba, kauce wa waɗannan ranaku kaɗai zai rage maka kuɗi mai kauri. Ka kuma guji sabuwar shekarar Sinawa, wadda take faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, domin masana'antu suna rufewa, ma'aikata suna tafiya garuruwansu, ko ka samu tikitin ba za ka samu waɗanda ka je dominsu ba. Haka makon farko na Oktoba, hutun ƙasa ne a can. Umara kuwa kowa ya san goman ƙarshe na Ramadan ita ce ƙololuwar tsada, sai kuma hutun Disamba. Idan Hajiya ba ta ƙudurta Umarar azumi ba, watannin da ke bayan buɗe Umara bayan aikin Hajji sun fi sauƙin kuɗi, kuma cunkoso ya fi raguwa, wanda ga dattijuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Shafukan da za ka ci karo da su iri uku ne, kuma rashin bambance su ne yake jefa mutane cikin matsala. Akwai masu kwatanta farashi kawai, irin su Google Flights da Skyscanner da Kayak, waɗanda aikinsu shi ne su tattaro farashin kamfanoni su nuna maka, sannan su tura ka wani wuri ka biya. Akwai kamfanonin sayar da tikiti na intanet, irin su Wakanow da Travelstart da Trip.com, waɗanda su ejan ne, sai dai shagonsu a intanet yake. Sai kuma shafin kamfanin jirgin kansa. Shawarata ita ce ka yi bincike a na farko, ka tabbatar da farashin a na uku, sannan ka yanke shawarar inda za ka biya.

A Google Flights, ka sa filin tashi da na sauka da lambobinsu na haruffa uku domin kauce wa kuskure. Filin Malam Aminu Kano shi ne KAN, na Guangzhou kuma CAN, harafi ɗaya ne ya raba su, don haka ka duba da kyau. Abuja ABV ce, Legas LOS, Jidda JED, Madina MED. Kada ka tsaya a rana ɗaya: ka danna wurin kwanan wata, kalanda za ta buɗe da farashi a ƙarƙashin kowace rana, kuma a nan ne za ka ga yadda matsar da tafiya da kwana biyu kan sauya kuɗi. Akwai maɓallin bibiyar farashi, wanda idan ka kunna shi za a riƙa aiko maka da saƙon imel duk lokacin da kuɗin ya hau ko ya sauka. Skyscanner ma yana nuna wata guda gaba ɗaya. Idan ku biyu ne, kamar kai da Hajiya, ka fara nema da mutum ɗaya, sannan ka sake nema da biyu. Idan saura kujera ɗaya a gidan mai araha, kwamfuta ba ta raba ku, sai ta ɗaga ku duka zuwa gidan da ke da kujeru biyu. Wani lokaci sayen tikitin daban-daban yakan rage kuɗi, amma ga tafiya da dattijuwa na fi son ku kasance a bukin ɗaya, wato a kama muku kujerun tare a ƙarƙashin lamba ɗaya, domin idan aka sauya jirgi a sauya muku tare.

'Yan kasuwar Kano sun saba bin Ethiopian ta Addis Ababa, ko EgyptAir ta Alƙahira, sannan Qatar Airways ya fara zuwa Kano a watan Maris na 2022. Ka gwada tashi daga Abuja da Legas ma, domin inda kamfanoni suka fi yawa gasa takan sauke farashi, kamar yadda aka gani a hanyar Legas zuwa Landan bayan Air Peace ya fara zuwa a ƙarshen Maris na 2024. Sai dai ka yi lissafin ɗan kasuwa: ka haɗa kuɗin zuwa Abuja da dawowa, da kwanan otal idan jirgin na asuba ne, da kuɗin kayan da za ka biya a jirgin cikin gida, wanda kilon da yake bayarwa bai kai na jirgin waje ba. Sau da yawa bambancin da ya burge ka a allo yakan narke a wannan hanya. Jiragen cikin gida kuma ba duka suke fitowa a shafukan kwatanta farashi ba, sai ka shiga shafin kowane kamfani ka duba.

Kaya shi ne inda nake so ka fi tsayawa, domin a nan ne ɗan kasuwa yake cin riba ko ya faɗi. Farashin da ya fito a saman jeri, wanda aka rubuta da manyan lambobi, a wasu kamfanonin na tikitin da ba shi da jakar awo ne, sai jakar hannu mai kilo 7 ko 8. A hanyoyin Afirka manyan kamfanoni da yawa suna ba da jaka biyu masu kilo 23 kowace a ikonomi, wasu kuma suna lissafi da jimillar nauyi, amma wannan ya danganta da gidan farashin da ka saya, ba da sunan kamfanin kaɗai ba. A ce, a misali, tikiti ɗaya dala 900 ne da jaka ɗaya, wani kuma dala 980 da jaka biyu. Idan ka san za ka dawo da samfurin yadi da kayan da ba za su jira kago ba, na biyun ne mai araha, domin kuɗin ƙarin jaka a filin jirgi yakan zarce wannan bambanci. Idan ka san kayanka za su wuce, ka sayi ƙarin kilo a shafin kamfanin kafin ranar tafiya, ya fi sauƙi a kan biya a gaban ma'auni. Kuma inda tsarin jaka-jaka ake bi, ba a haɗa nauyi: jaka ɗaya mai kilo 30 da wata mai 16 ba su zama 46 halattattu ba, ta farkon za a caje ka a kanta. A tafiyar Umara ka duba ko tikitin ya haɗa da ruwan Zamzam, wanda ake ɗauka a kwalinsa na lita 5 da aka rufe, domin kamfanoni sun bambanta a kan haka, musamman masu arahar farashi da suke sayar da komai daban.

Abu na biyu da yake ɓoye a bayan araha shi ne yada zango. Wasu shafukan suna haɗa maka tikiti biyu na kamfanonin da ba su da yarjejeniya da juna, su nuna maka su kamar tafiya ɗaya, da ɗan gargaɗi a ƙananan haruffa cewa kai za ka sauya jirgi da kanka. Ma'anar wannan ita ce a filin tsakiya sai ka wuce jami'an shige da fice, ka karɓi kayanka, ka sake awo, wanda yake buƙatar bizar shiga wannan ƙasa. Idan kuma jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, babu wanda zai ɗauki alhakinka, sabon tikiti za ka saya. Idan tikiti ɗaya ne tun daga Kano har Guangzhou, kamfanin ne zai sa ka a jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, kayanka kuma su wuce kai tsaye. Ko a tikiti ɗaya ma ka lura da ƙasar da za a bi, domin mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar yada zango a filayen ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya ta Schengen da kuma Birtaniya ko da ba zai fita daga filin ba, sai idan yana da wata biza ko takardar zama da ta ɗauke masa. Hong Kong, wadda take kusa da Guangzhou kuma takan fito da farashi mai jan hankali, tana da ƙa'idar bizarta dabam da ta sauran ƙasar Sin. Tsawon jira ma abin dubawa ne. Ƙasa da awa biyu a babban fili kasada ce, jiran awa goma sha kuma ga Hajiya wahala ce da ba ta cancanci ragin da aka samu ba. Wasu kamfanoni, ciki har da Ethiopian da Turkish, suna da tsarin bai wa fasinja masauki idan jiran ya yi tsawo kuma babu jirgin da ya fi kusa, bisa sharuɗɗansu, sai ka tambaya kafin ka biya. Keken guragu na kai dattijai bakin jirgi kyauta ne, amma ka nema tun lokacin bukin.

Ga Umarar, ka gwada zaɓin garuruwa da yawa a maimakon zuwa da dawowa ta fili ɗaya, wato ku sauka a Madina ku taso daga Jidda. Kuɗin kan zo kusa da juna, kuma kun huta da tafiya ɗaya ta mota tsakanin biranen biyu. Akwai kuma sauƙin ibada a ciki, domin mai sauka a Jidda da niyyar wucewa Makka dole ya ɗaura harami kafin jirgi ya keta miƙati, mai farawa da Madina kuwa sai ya huta ya yi ziyara, sannan ya ɗauki harami a Zul Hulaifa. Amma kada ka sayi tikitin Umara kafin ka gama magana da kamfanin da zai yi muku biza, domin bizar tana tafiya ne da masauki da ranakun shiga da fita, kuma irin waɗannan kamfanoni sukan kama kujeru da yawa a farashin rukuni wanda ba ya fitowa a intanet. Ka karɓi farashinsu, ka nemi su ware maka kuɗin tikitin daga na biza da otal, ka kwatanta da abin da ka gani.

Kafin ka danna biya, ka buɗe sharuɗɗan tikitin ka karanta abu uku: nawa ne kuɗin canjin rana, ana mayar da kuɗi ko ba a mayarwa, kuma mene ne hukuncin wanda bai zo ba. Canjin rana ba tarar kaɗai ake biya ba, har da bambancin farashi idan gidan da ka saya ya ƙare a sabuwar ranar. Ɗan kasuwar da masana'anta za ta iya ce masa kaya sai mako mai zuwa ya fi dacewa da tikitin da ya ɗan fi tsada amma canjinsa yake da sauƙi. Ka kuma riƙe wannan ƙa'ida: idan ka tsallake zango ɗaya na tikiti, kwamfuta tana soke duk sauran. Wanda ya sayi tikiti daga Kano ta Abuja, ya ce bari ya tari jirgin a Abuja tunda yana can, zai iya tarar da tafiyarsa duka, har da dawowa, an share ta. Idan ka ga ba za ka samu tashi ba, ka soke ko ka canza kafin lokacin tashin jirgi, domin tarar rashin zuwa ta fi ta canji nauyi.

Game da inda za ka biya, idan bambancin kaɗan ne, shafin kamfanin jirgin ya fi, saboda ranar da aka soke jirgi ko aka sauya lokaci da su kai tsaye za ka yi magana. Idan ta hannun wani shafi ka saya, kamfanin jirgin zai ce ka koma wurin wanda ya sayar maka, kuma wasu shafukan waje da suke fitowa da mafi arahar farashi ba su da ofis ko lambar waya a Najeriya. Ejan ɗinka kuma kada ka yar da shi. Ejan mai rajista da IATA ko mamba a NANTA, ƙungiyar ejan-ejan tafiye-tafiye ta Najeriya, yana ganin gidajen farashin nan ta manhajoji irin su Amadeus da Sabre, yana iya riƙe maka kujera na ɗan lokaci kafin ka biya, kuma ka san ƙofar shagonsa. Amfanin bincikenka shi ne ka je masa da lambar jirgi da rana da farashi a hannu, ka ga abin da ya ɗora a kai, ka yanke hukunci ko hidimarsa ta kai wannan kuɗi.

Wajen biya, ka tuna cewa a 2022 bankunan Najeriya da yawa sun rage ko sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, wasu kuma sun dawo da shi a 2025 amma da iyaka. Ka tambayi bankinka iyakar katinka kafin ka fara, ko ka zaɓi sashen Najeriya na shafin kamfanin jirgin domin a caje ka da naira, ko ka yi amfani da katin asusun dala. Idan da katin dala kake biya, shafin kuma ya yi tayin juya maka kuɗin zuwa wani kuɗi da nasa canjin, ka ƙi, domin canjin nasu ya fi tsada. Wasu kamfanonin kan nemi ganin katin da aka biya da shi a wurin awon kaya, saboda haka idan katin wani ne ka karanta sharaɗinsu tun da wuri.

Suna kuma a rubuta shi yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Mu Hausawa suna ɗaya muna rubuta shi ta hanyoyi da yawa, Muhammad da Mohammed da Muhammadu, A'isha da Aisha da Aishatu, kuma sau da yawa abin da ke katin banki ba shi ne a fasfo ba. Ka buɗe shafin hoto ka dubi layuka biyun da ke ƙasa: bayan lambar ƙasa sunan mahaifi ko na dangi ne yake fara zuwa, sannan alamomi biyu masu kama da kan kibiya, sannan sunan yanka, kuma a can ba a sa alamar ɗauri ta sunaye irin su Sa'adatu ko Mu'azu. Wannan za ka kwafa. Gyaran harafi ɗaya ko biyu yakan yiwu, wani lokaci da kuɗi, amma mayar da tikiti sunan wani mutum ba ya yiwuwa a yawancin kamfanoni. Ka kuma tabbatar fasfon yana da sauran aƙalla wata shida, naka da na Hajiya, da katin rigakafin shawara, da allurar sanƙarau da Saudiyya take nema ga masu Umara.

Damfara ta fi shigowa ta wurin da mutane ba su san bambancin bukin da tikiti ba. Lambar bukin haruffa da lambobi shida ce, kuma kowane ejan yana iya samar da ita ba tare da an biya ko kwabo ba, ya buga maka takarda mai tambarin kamfani da sunanka da lokacin tashi. Idan wa'adin riƙon ya cika ba a biya ba, kujerar ta saki. Tikitin da aka biya yana da lamba 13, ukun farko na kamfanin jirgin ne: Ethiopian 071, EgyptAir 077, Qatar Airways 157, Saudia 065, Turkish 235, Emirates 176. Da zarar an turo maka takarda, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka je sashen duba bukin, ka sa lambar shida da sunan dangi, ka ga ko lambar 13 ta fito kuma an nuna an tabbatar. Ka sake dubawa saura mako guda, sannan saura kwana ɗaya, domin akwai masu yankar tikiti na gaske su soke shi bayan sun karɓi kuɗi, akwai kuma masu saye da katin sata, wanda idan mai katin ya kai ƙara ake soke tikitin, fasinja ya tarar da haka a gaban kanta. Duk mai tallar tikiti a WhatsApp ko Facebook da rabin farashin da ka gani a shafin kamfani, yana kuma neman ka tura kuɗi asusun mutum, ka rabu da shi. Adireshin shafin kamfani ma ka rubuta shi da hannunka ko ka sauke manhajarsu, domin abin da yake fara fitowa a sakamakon bincike sau da yawa talla ce ta wani mai kama da su.

Lokutan da ke jikin tikiti duk na agogon garin da abin zai faru ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, ƙasar Sin da awa 7. Jirage da yawa daga Guangzhou da Jidda suna tashi ne bayan sha biyun dare, kuma jirgin da aka rubuta 00:30 ranar Alhamis, ranar Laraba da dare ake zuwa filinsa. Mutane da dama sun rasa jirgi a kan wannan, suka zo ranar Alhamis da dare suka tarar ya tashi tun daren jiya, ga tarar rashin zuwa a kansu.

Idan aka soke jirgi ko aka yi dogon jinkiri a filin Najeriya, kana da haƙƙi a ƙarƙashin kashi na 19 na dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, wadda take da sashen kare haƙƙin fasinja da jami'ai a manyan filaye, don haka ka ajiye rasit da takardar shiga jirgi da duk saƙon da kamfanin ya aiko maka. Idan kuma lissafinka ya nuna tashi daga Abuja ko Legas ya fi, kuma jirgin cikin gida ne zai kai ka can a tikiti dabam, ka tafi kwana ɗaya kafin ranar. Tsakanin Disamba da Fabrairu hazon hunturu yakan hana jirage sauka da tashi a Kano na sa'o'i, wani lokaci yini guda, kuma jirgin Addis Ababa ko na Doha da ke jiranka a Abuja ba shi da labarin tikitinka na farko.